Ɗana, Bari Hoton Gida Ya Kwana a Gida

Ɗana,

Ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka a Yamai. Ya aiki, ya zafin birni? Mu nan Gesheme sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, iyalinka da yara duk lafiya lau. Saƙon cefane ya iso, Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi.

Sai batun kamarori. Ƙanenka ya nuna mini saƙon da ka turo masa da hoton kwalin da kake shirin saye: guda huɗu, marasa waya, waɗanda za ka riƙa kallo a salularka daga inda kake. Ya kuma karanta mini wuraren da ka ce a kafa su. Ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a turken dabbobi, ɗaya a tsakar gida, ta huɗun a kan dogon ƙarfe inda za ta hango ko'ina. Na ce masa ya dakata, kada ya kira mai haɗawa sai na yi magana da kai.

Niyyarka ba ni da ja a kanta. Tun daren da aka kwance mana raguna daga turke ana gab da Salla na san hankalinka bai kwanta ba, kuma yaron da ke nesa amma zuciyarsa na gida abin a sa masa albarka ne. Sai dai ka yi gaggawa a wuri biyu. Ka yanke hukunci a kan gidan da mutane ke ciki ba ka tambayi ko ɗayansu ba. Sannan ka zaɓi kaya don daɗin idonka a can, ka manta da waɗanda ke kwana a nan. Ni ƙanen mahaifinka ne, a hannuna ya bar gidan nan, kuma ka san da waya da batir na ci abinci har na ajiye aiki. Don haka ka ba ni aron kunnenka. Ban hana ka sa kamara ba. So nake ka sa wadda ba za mu yi da-na-sani a kanta ba.

Kafin a tambayi kuɗin kamara ko kyan hotonta, akwai tambayar da ta riga su: ina hoton zai kwana? Irin wadda ka zaɓa tana tura abin da ta gani ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani a Sin ko Amurka ko Turai, kai kuma ka buɗe manhaja ka karɓo daga can. Akwai kuma wadda ke zuba hotonta ta waya cikin wani ɗan akwati da ke ɗaki a gidanka, mai faifan ajiya a ciki. Masu sana'ar suna ce masa NVR, ko DVR in kamarorin na tsohon salo ne. Ba'are ba ya nome geronsa ya kai shi rumbun mutumin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai san hanyarta ba, sannan ya riƙa biya duk wata kafin a auno masa tiya guda. Abin da kake shirin yi da hoton innarka da na matarka ke nan.

Kada ka ce tsoron tsofaffi ne. Kamfanin Ring, mallakar Amazon, yana cikin manyan masu sayar da irin wannan kamara a Amurka. A 2023 hukumar ƙasar mai kare masu saye, FTC, ta zarge shi da sakin ma'aikatansa su shiga bidiyon jama'a yadda suka ga dama, har wani ma'aikaci ya shafe watanni yana kallon mata a ɗakunan kwanansu da wuraren wankansu. Kamfanin ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 5.8. A Fabrairun 2024 kamfanin Wyze ya amsa cewa kimanin mutum 13,000 cikin masu amfani da kayansa sun buɗe manhaja sun tarar da hotunan gidajen wasu. A 2021 masu kutse sun shiga kamarori kusan 150,000 na kamfanin Verkada, har da na asibitoci da makarantu da gidajen kaso. Waɗannan kamfanoni ne masu suna, a ƙasar da ke da kotu da hukuma a kansu. Kwalin da na gani a salular ƙanenka ko sunan wanda ya ƙera shi ban iya samowa ba. In hoton gidanmu ya fita daga hannunsu, wa za ka kai ƙara, kuma a gaban wa?

Sannan kamfani yana iya rufe shago. Amazon ta kashe kamararta mai suna Cloud Cam a Disambar 2022. Google ta yi wa Dropcam haka a Afrilun 2024. Kayan lafiyarsu lau a jikin bango, amma tunda ma'ajiyarsu na can, ranar da aka rufe can suka zama kayan ado. Akwatin da ke ɗakinka ba mai kashe shi daga nesa don ya daina samun riba.

Mu ajiye maganar sirri tukuna, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Kamara mai hoto madaidaici, wadda suke kira 1080p, tana zubo kimanin megabit 2 a kowace daƙiƙa. In ta yi aiki dare da rana, wajen giga 21 ke nan a kwana ɗaya, sama da giga 600 a wata. Kamara huɗu sun haura giga 2,500. Je ka tambayi Airtel ko Moov ko Zamani kuɗin wannan, ka dawo ka faɗa mini. Za ka ce ai ba ta turawa sai ta ga motsi. Gaskiya ne. To, wane lokaci ne babu motsi a gidan Bahaushe? Akuya ta gifta, kaza ta bi ta, iska ta kaɗa reshen dogon yaro, almajiri ya yi sallama. Kwana uku salularka na ƙara ba dalili, a na huɗu da hannunka za ka kashe ƙararrawar. Ga kuma rezo, wanda ka san halinsa a nan: hadari ya taso ya ɗauke, wani lokaci ya ɗauke ba hadari. Kamarar da ba ta ajiya sai da rezo, daren da ya ɗauke ba ta da abin nunawa da safe.

Wuta ita ce ta biyu, kuma ita ke kashe yawancin irin waɗannan kaya. Kai da ke Yamai ka fi ni sanin duhun da aka sha daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ya taso daga Birnin Kabi ya bi ta Doso, a sa'ilin da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa. Sai a Maris na 2024 aka maido shi. Wanda ya ga wannan ba ya jingina tsaron gidansa da kuran na gari. Sola za ka sa, kuma ka auna ta kafin ka saya. Kamara ɗaya tana cin wat 5 zuwa 8, ta fi ci da dare saboda fitilun ganin duhu. Akwatin yana cin 10 zuwa 15. Huɗu da akwati sun kai wat 40, wato kusan kilowat-awa 1 a kwana. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake cira in ana so ya daɗe. Dare ɗaya zai cinye kusan 500. Ka ga da kyar zai kai asuba, ranar da hazo ya rufe rana kuwa ba zai kai ba, alhali tsakanin ƙarfe biyu da kiran assalatu ɓarawo ke aiki. Saboda haka ko batir biyu irin wannan, ko ɗaya na litiyom, da farantin sola da bai gaza wat 300 ba. Kuma batirin ya zama na kamara ita kaɗai. In ka haɗa shi da na cajin salula da fanka, yara za su shanye shi kafin isha'i, ba kuma laifinsu ba ne.

Wannan lissafin shi zai nuna maka cewa huɗu sun yi yawa. Biyu masu kyau, ko uku, sun ishe mu, wuta ta ragu, ajiya ta daɗe. Faifai mai tera 2 yana riƙe wa kamara huɗu hoton mako uku, ya riƙe wa biyu na mako shida, sannan sabo ya riƙa hawa kan tsoho. Ka nemi faifan da aka yi don aikin dare da rana, irin su WD Purple ko Seagate SkyHawk, kada a ciro maka na tsohuwar kwamfuta a ce duk ɗaya ne.

In ka shiga shago, ga abin da za ka yi. Ka ce wa mai shago ya haɗa kayan a gabanka, ya cire musu intanet gaba ɗaya, ka ga ko suna naɗa, ko kuma ana iya komawa baya a kalli abin da ya wuce. In ya ce sai an buɗe asusu da kamfani tukuna, ka yi masa godiya ka fita. Ka tambaye shi ko kamarar tana bin ƙa'idar ONVIF, wadda kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. Amfaninta gare ka shi ne in ɗaya ta mutu ka sayi ta kowane kamfani ka maƙala, ba sai ka zubar da akwatin ba. Sunayen da za ka fi ji su ne Hikvision da Dahua, dukansu daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin. Kayansu na aiki, makanikai sun san su, amma ana yin jabunsu, kuma suna ba ya hana aibi: a 2021 an gano wata kafa a kamarorin Hikvision da yawa wadda ke ba mai kutse damar karɓe su ko bai san kalmar sirri ba. Maganin haka a sabunta manhajar cikinsu ranar haɗawa, sannan a bar su nesa da intanet.

Kada kuma ka raina DVR don an ce tsohon salo ne. Kamarorinsa na yanzu hotonsu tsaf, sun fi araha, kuma da volt 12 suke aiki kai tsaye daga batir, ba sai an bi ta na'urar juya wuta ba, wadda ita ma tana cin nata kaso. Abu mafi nauyi a wurina shi ne wa zai gyara. Kayan da in sun lalace sai an jira mutum daga Yamai, wata biyu za su yi a mace. Ka zaɓi abin da yaron da ke haɗa sola a Tibiri ko Dogon Dutsi zai iya buɗewa ya gane.

A sa waya, a manta da wifi. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna shanye shi, yau ya kama gobe ya saki. Wayar ta zama ta jan ƙarfe zalla, domin kasuwa cike take da ta alminiyom da aka yi wa fenti, wadda ke karyewa tana rage wuta. In irin wayar intanet ce, kada tsawonta ya wuce mita 100. A zura ta cikin tiyo saboda ɓera da rana da hannun yara. A duba a jikin kamarar an rubuta IP66 ko IP67, alamar ƙura da ruwan sama ba sa shiga. Akwatin kuma kada a ɗora shi kusa da talabijin a falo, inda duk wanda ya shigo zai fara ɗauka. A sa shi a ɗakin ƙasa mai sanyi, sama da ƙasa saboda gara da ruwa, inda iska ke ratsawa, domin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a inuwa yana dafa faifai a ƙarƙashin kwano. A kafa masa ƙarfen tsawa a ƙasa kafin damina. A kuma sa wa ƙanenka aiki: duk mako ya goge idon kamara da ƙyalle mai laushi, saboda ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo. Fitilun dare na jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo, zare ɗaya a gaban ido ya mayar da hoton dare fari fat.

Yanzu mu zo kan wuraren da ka zana, inda na fi so ka natsu.

Ta kan dogon ƙarfe ba ta da amfani ko ta fuskar sana'a. Ma'aunin masu aikin shi ne ana buƙatar ɗigon hoto kusan 250 a kan kowace mita kafin a tantance fuskar wanda ba a sani ba. Kamarar 1080p ɗigo 1,920 gare ta a faɗi. Raba ka gani: in faɗin abin da take kallo ya wuce mita 7 ko 8, za ka ga mutum ya wuce, amma ba za ka iya rantsuwa kan ko wane ne ba. Daga saman ƙarfe hula da rawani kawai za ta nuna maka. Kamara tana aiki ne a matsattsen wuri da dole a bi: ƙofar zaure, bakin turke, ƙofar shagon hatsi. A kafa ta tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, inda hannu ba ya kaiwa amma fuska na fitowa, a sa ƙaramar fitilar sola a gefenta, a kuma gwada ta da dare, a sa wani ya wuce da sauri a ga ko za a gane shi. Hoton rana kowace kamara tana iya shi.

Abin da ta kan ƙarfen za ta gani da kyau shi ne gidajen maƙwabta. Ka san dangar da ke tsakaninmu da su, kara ne da guntuwar katanga. Matansu suna daka, suna shanya, suna wanka a bayanta, sun sakankance ba mai ganinsu sai Allah. Mutanen nan tare da kakanka suka sari wurin nan. Ranar da suka ɗaga kai suka ga ido a sama yana kallonsu, ba za su ce komai ba, ka san halinmu. Amma daren da aka taɓa turkenmu, wanda ya ji motsi zai gyara kwanciya ya ce ai suna da kamara.

Ta tsakar gida kuwa, ɗana, ban so na ji ta daga bakinka ba. Don me kakanninmu suka gina zaure, suka karkata ƙofarsa ta ciki yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba? Nan ne mace ke ajiye mayafi, ta ɗaura zane a ƙirji, ta shayar da ɗanta, ta yi hira da 'yar'uwarta. Ni da na girme ka ba na shiga sai na yi gyaran murya. Ka yi karatun allo, ka san Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ka san Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga, har ta ware lokuta uku da yaran gida ma sai sun nema. Idon da ke buɗe dare da rana, a cikin salular da kake ajiyewa a teburin aiki, abokai su ɗauka, a kai wa mai gyara, wata rana a sace a tasha, wane izini ya nema? In kuwa akwai wani abu a ranka game da iyalinka da ya sa kake son ganin shige da ficen cikin gida, kamara ba ta maganinsa, ƙara masa wuta take yi. Ka zo mu zauna, ni da kai, ba wanda zai ji.

Haka batun murya. Yawancin kamarorin yanzu suna da kunne. Zaure kuma nan ake maganar aure da gado da bashi da sulhu. A kashe naɗar murya tun ranar farko, domin mutumin da ya zo ya faɗa mini damuwarsa bai zo don a ajiye ta a faifai ba.

Sai mabuɗi. Kowace na'ura tana fitowa daga masana'anta da kalmar sirri ta gama-gari, irin su admin da 12345, kuma mutane da yawa ba sa canzawa. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hotunan kamarori sama da 70,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, ba tare da ya fasa komai ba, kalmar masana'anta kawai ya gwada. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara dubban kamarori da akwatunan naɗi irin waɗannan ta kai hari da su, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa jama'a da yawa a Amurka. Saboda haka ranar da mai haɗawa ya gama, a sallame shi da mutunci, sannan a canza kalmar bayan ya tafi, a duba bai bar wa kansa asusu ba, bai kuma ɗaure akwatin da salularsa ba. Ba zargi ba ne. Magini ma in ya gama ɗaki yakan miƙa mabuɗi. A rubuta kalmar a takarda a ajiye wurina, ƙanenka ya san ta, kai ka san ta, magana ta ƙare. A kuma saita agogon akwatin, don da yawa suna zuwa da lokacin Sin, wanda ya riga namu da awa 7. Hoton da ya ce ƙarfe tara na safe alhali abin ya faru ƙarfe biyu na dare, da wuya ya yi maka shaida.

Na san abin da ke ranka: in an yi haka, ni da ke Yamai me zan gani? Ka tambayi kanka, in ka ga mutum yana kwance rago ƙarfe biyu na dare, me za ka yi daga can in ba kiran ƙanenka ba, wanda ke kwance taku goma daga turken? Wanda ke kusa shi ya kamata ya gani. A sa ƙaramin allo a ɗakinsa. In wani abu ya faru ya ciro guntun ya turo maka. In kuma ka matsa sai ka leƙa, to a buɗe maka ta ƙofar zaure ita kaɗai, a nemi wanda ya iya ya shimfiɗa maka keɓaɓɓiyar hanya da ake kira VPN tsakanin salularka da gida, maimakon a bar akwatin a buɗe ga duniya ko a ratsa ta kwamfutocin kamfani.

Ranar da kamara ta kama wani, a nan ake gane mai hankali. Kada hoton ya hau WhatsApp. Hoton dare yana kama da mutum goma, kuma ka san yadda zuciyar jama'a take a kan ɓarawo yanzu: kafin a tantance an yi aika-aika, wataƙila a kan marar laifi, wataƙila a kan ɗan wanda muke haɗa sahu da shi a masallaci. Hukuma ma ba ta bar abin haka ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma fuskar mutum a bidiyo tana cikin bayanansa. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a Yunin 2024, ta maido da ɗauri a kan ɓata suna ta waɗannan kafafe. Hanya ita ce a kwafe guntun a ajiye, a kai wa mai gari, in abin ya fi ƙarfinsa a kai wa jandarmomi. Wata matsalar ma a zaure za a kashe ta, uban yaro ya biya, asiri ya rufu.

Kada kuma ka ɗora wa kamara abin da ba ta iyawa. Shaida ce, ba ta kama hannun kowa. Tana maganin ɗan hali na unguwa, mai ɗaukar babur ko injin ban ruwa na garka, wanda ke tsoron a gane shi. Masu zuwa da bindiga a kan babura, irin waɗanda suka addabi iyakarmu da Kabi da Sakkwato, fuska a naɗe suke zuwa, ba ruwansu da ita. A irin wannan zamani ma, gidan da ya yi fice da ƙarfe mai tsawo da farantai masu walƙiya yana shelar cewa akwai ɗa mai samu a birni. Ka yi abinka ƙarami, a inuwar indararo, ba tare da ganga ba. Kuma kafin kamara akwai ƙofar turke da ta ruɓe, akwai kwado mai kyau, akwai katangar baya da damina ta ci. In kuɗin ba su isa duka ba, a fara da waɗannan.

Ga abin da na yanke, in ka yarda. Kada ka sayi kwalin nan. Ka riƙe kuɗinka har ka zo hutu. Mu zauna da innarka da matan gida su faɗi inda suka yarda da inda ba su yarda ba, kuma abin da suka ƙi an bar shi ke nan, domin su za su rayu a ƙarƙashin idon. Sannan ni da kai mu shiga wurin maƙwabta mu gaya musu da bakinmu, ranar haɗawa kuma a kira su su dubi allon, su tabbatar ba ya hango musu komai. In sun ga har bakin hanyar da su ma suke bi yana ciki, su da kansu za su riƙa tuna wa ƙanenka ya goge gilashin. Bayan haka ka sayi biyu masu kyau da akwatinsu da batirinsu, ni zan tsaya a kan mai haɗawa.

Kada ka ji zafin maganata. Da ban ɗauke ka mai jin magana ba, da ban ɓata tawada ba. Ka kira ni bayan sallar Juma'a in ji ra'ayinka, in akwai inda ka ga ba haka ba ka faɗa mini, zan saurara. Allah ya tsare ka, ya tsare mana gida da zumunci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Naka,
Babanka ƙarami